Baƙuwar Ƙara a Jikin Babur: A Gano Ta Kafin a Kama Hanya

Laccar da aka gabatar wa masu babura da kanikawa a garin Mokolo

 

Shugaban taro, iyayenmu dattawan kanikawa, 'yan uwana masu sana'ar babur, da ƙannena masu koyon gyara, kun ajiye aiki kun zo. Na san duk sa'ar da mai babur ya yi a zaune kuɗin cefane ne ya wuce shi, saboda haka ba zan yi ta kewaye-kewaye ba.

Maganata yau a kan ƙara ce, amma ba ta salansa ba. Ina nufin ƙarar da ke tasowa daga hanyar da ƙarfin inji ke bi kafin ya isa ƙasa. Inji ya ba kuloci, kuloci ya ba giya, giya ta juya ƙaramin faranti mai haƙora na gaba, sarƙa ta ɗauka ta kai wa babban farantin baya, shi kuma ya miƙa wa taya ta kan robobin da ke cikin cibiyarta. Wuraren ba su da yawa. Duk wanda zai iya lissafa su da yatsunsa zai iya gano wanne ne ke kuka, in dai ya san yadda ake tambaya.

Ku dubi inda Allah ya zaunar da mu. Mokolo tana tsakiyar duwatsun Mandara, ta duk inda ka fita ko hawa ne ko gangara. Hanyar Marwa ce mai ɗan sauƙi, kilomita wajen 80 ta Zamay da Mokong da Gazawa. Wanda ya nufi Koza da Mora sai ya bi ta Jingiliya, yana kwana bayan kwana a gefen dutse, hannu a kuloci, ƙafa a birki. Wanda ya nufi Mogode da Rumsiki, kilomita 50 ne da ɗoriya na tsakuwa da ramuka. Garwa kuwa, ko ta kwalta ka bi, ta Muturwa da Figil da Pitowa, tafiyar ta haura kilomita 250. Kuma ba mu kaɗai muke hawa ba: ga buhun albasa, ga dankali daga ƙasar Kapsiki, ga jarkoki, ga mutum biyu a baya ranar Laraba in kasuwa ta tashi. Duk wannan a kan Boxer ko TVS ko ɗan Sin mai ƙaramin inji, da sarƙar da faɗinta bai kai babban yatsa ba. Sannan tun daga 2014 da fitinar Boko Haram ta taɓa wannan yanki, kowa a ɗakin nan ya san cewa lalacewar babur da magariba a bayan Koza ba jinkiri ne kawai ba.

Babur ba ya cika mutuwa farat ɗaya. Yakan yi kwanaki yana magana, kunnenmu ne ke sabawa. Ƙarar da ta fara ranar Litinin, kafin Juma'a ta zama "ai haka yake yi". In kuma mutum ya damu ya kai wa bakanike, sai ya ce masa, "Akwai abin da ke ƙara a baya, duba mini." Bakanike ya ɗaure sarƙa, ya zuba mata mai, kowa ya kama gabansa. A ganina tun daga tambayar aka kauce. Kafin ka tambayi abin da ke ƙarar, tambayi abin da ƙarar take bi. Inji take bi, tana hauhawa in ka murɗa totur? Gudun taya take bi? Ko sai ka ja ko ka saki totur take fitowa? Ko sai ka faɗa rami? Amsar wannan tambaya ita ce rabin gyara, kuma mai babur ne kaɗai zai iya kawo ta, domin shi ke kan babur ɗin sa'ad da abin ke faruwa.

A fara daga tsaye. Tayar da inji, giya a firi, ka bari ya ɗan yi ɗumi. In ƙarar tana nan alhali taya ba ta motsi, to, ka wanke sarƙa da faranti da boris ɗin taya daga laifi, abin yana cikin inji. Sai ka matse kuloci ka saurara. Wata 'yar karkarwa da ke ɓacewa da zarar ka matse, ta dawo in ka saki, daga kwandon kuloci take, kuma in ba ta yi yawa ba babura da dama suna shekaru da ita. Wadda sai an matse take fitowa, daga abin da ke tura kulocin ne. Kanikawa sun san dabarar dogon sukudireba: ka ɗora bakinsa a jikin inji, ka kanga kunne a ƙotarsa, ka riƙa sauya wuri har ka kai inda ƙarar ta fi ƙarfi.

In babu komai a tsaye, sai a hau. Nemi shimfiɗaɗɗen wuri marar cunkoso, ka ɗauki gudu matsakaici, sannan ka matse kuloci ka saki totur, ka bar babur yana tafiya da kansa. Yanzu inji ya kwanta, taya ce kawai ke gudu. In ƙarar ta ci gaba, tana raguwa yadda gudu ke raguwa, to, galibi tana tsakanin ƙaramin faranti da tayar baya. In ta ɗauke, sai ka sake gwadawa a gudu ɗaya amma giya dabam-dabam. Ƙugin da ke fitowa a giya ta uku kaɗai, babu shi a ta biyu da ta huɗu, haƙoran wannan giyar ne. Daga nan ka yi wasa da totur, ka ja, ka saki, ka ja. In kowane ja da saki yana zuwa da "ƙwas", akwai abin da ke da gilo a hanyar ƙarfi. Wadda kuma ba ta fitowa sai a kan tsakuwa da rami, sau da yawa sarƙa ce ke dukan gidanta, ko sitan, ko kariya, ko notin salansa. Irin wannan ta fi kowace cika kunne, kuma yawanci ita ce mafi sauƙin magani.

Ga wata dabara da nake so kowa ya tafi da ita gida, ba ta buƙatar komai sai alli. Ɗora babur a kan babban sitan, ka kashe inji. Na ce ka kashe inji. Ina roƙon ku don Allah, ƙannena masu koyo musamman, kada wanda ya kai hannu ko tsumma kusa da sarƙa alhali inji na juya ta. Faranti ba ya mayar da yatsan da ya kama, kuma akwai masu gyara da yawa da suka rasa yatsu ta wannan hanya. To, inji a kashe, ka yi alama da alli a jikin taya, ka yi wata a gaɓa ɗaya ta sarƙa, sai ka riƙa juya taya da hannu a hankali. Farantin baya na irin baburanmu haƙoransa wajen 40 ne, sarƙa kuwa gaɓoɓinta sun kai 100 ko fiye. Ke nan sai taya ta juya sau biyu da rabi zuwa uku kafin sarƙa ta zagayo sau ɗaya. In ƙarar tana dawowa duk juyin taya ɗaya, laifin na taya ne ko farantin baya ko birki. In sai bayan juyi biyu da wani abu take dawowa, daidai lokacin da allin sarƙa ya komo wurinsa, to, gaɓa ce ta ƙage, ko mahaɗin sarƙa ne ke taɓa wani abu. In kuwa tana zuwa da sauri-sauri, kusan sau uku a juyin taya ɗaya, leƙa ƙaramin faranti.

Bari in daɗe kaɗan a kan sarƙa, domin mafi yawan ƙarar da ake kawowa gareji tata ce, kuma ita muka fi zalunta. Irin sarƙar da muke amfani da ita, wani injiniya ɗan asalin Suwizalan mai suna Hans Renold ne ya fito da tsarinta a birnin Mancesta na Ingila a 1880, kuma har yau tsarin bai sauya sosai ba: kowace gaɓa tana da ƙusa da ke juyawa cikin ɗan bututu, da zobe a waje da ke hawa haƙori. Mukan ce sarƙa ta miƙe, amma ƙarfen ba ya miƙewa. Ƙusoshin ne ke cinyewa, kowace ta ragu da ɗan abin da ido ba ya gani, in aka tara na gaɓa ɗari sai ya zama tsawo. Sarƙa mai lamba 428 ko 420, tsakanin ƙusa da ƙusa milimita 12.7 ne. Gaɓa 20 ke nan milimita 254 a sabuwa. Ja ta ta miƙe sosai, ka auna daga tsakiyar ƙusa ta farko zuwa tsakiyar ta 21. In ta kai wajen 259, ta gama aikinta. Wanda ba shi da ma'auni ya je bayan babban faranti, ya kama sarƙar da yatsu biyu ya jawo ta baya. Mai lafiya tana manne da faranti. Wadda ta tashi har ka hango rabin haƙori a ƙarƙashinta ta mutu, ko da tana ƙyalli da mai. Haka nan in ka ga jan gari mai launin tsatsa yana fitowa daga tsakanin gaɓoɓi, cikin ya bushe, ƙarfe na cin ƙarfe.

Sarƙar da ta cinye ba ta zama a gindin haƙori, sai ta riƙa hawa samansa tana goge shi, har haƙoran su yi tsini su lanƙwashe gefe guda. Daga nan ake jin "ƙaras-ƙaras" in an ja, kuma a kan hawa da kaya sai ta tsallake haƙori, ka ji "ɓas" babur ya zabura. Abin da aka saba yi a nan shi ne a cire gaɓa ɗaya ko biyu don a samu wurin ɗaurewa. Na san dalili, aljihu ne, kuma ban raina shi ba. Amma gaskiya ɗaya ce: cire gaɓa yana rage tsawo, ba ya mayar da tazarar da ke tsakanin ƙusoshi, kuma tazarar ce ba ta dace da haƙori ba. Haka sa sabuwar sarƙa a kan tsohon faranti. Cikin 'yan makonni tsohon zai koya wa sabuwar halinsa, kuɗin ya tafi a banza. Sarƙa da faranti biyu tare ake sauya su. Wanda zai yi yawon cikin gari yana iya lallaɓawa har ya tara kuɗi. Wanda zai hau Koza da buhu biyu, ban yarda ya lallaɓa ba.

Sai ɗauri. Da yawa daga cikinmu sun ɗauka sarƙar da aka ɗaure tamau ita ce mai kyau, domin ta daina kaɗawa. Wannan ya fi sakin illa. Littattafan waɗannan babura galibi suna cewa a bar mata sassauci na milimita 20 zuwa 30, wato in ka tura ta sama da ƙasa a tsakiyar layin ƙasa, ta motsa kimanin faɗin yatsa ɗaya da rabi. Dalili kuwa, ƙarfen da ke riƙe da tayar baya lilo yake yi. In ka ɗora kaya ko ka faɗa rami, taya ta yi sama, nisan da ke tsakanin faranti biyu ya ƙaru, sarƙa ta ƙara ɗaurewa da kanta. In tun a gareji babu sassauci, wa zai biya bashin? Boris ɗin da ke bayan ƙaramin faranti, wanda ba a kai gare shi sai an tsaga inji gida biyu. Alamar ɗaurin da ya wuce kima wani siririn kuka ne, "wiii", mai ƙaruwa da gudu, daga baya kuma ka ga baƙin mai yana tsatsafowa ta bayan ƙaramin faranti. Kuma sarƙa ba ta cinyewa daidai wa daida, saboda haka juya taya ka nemi inda ta fi tsauri, a nan za ka auna. In ka gama, sa mutum biyu su zauna a kai ka sake taɓawa. Ka kuma duba tsagin alamar da ke gefe biyu na ƙarfen baya ya zo daidai. Tayar da ta karkace tana sa sarƙa cin gefen haƙori, za ka ga gefe ɗaya na faranti yana sheƙi.

Akwai wani ɗan ƙarfe da bai kai farce girma ba, makullin mahaɗin sarƙa. Rufaffen kansa shi ke fuskantar inda sarƙa ke tafiya, buɗaɗɗen bakin yana bin baya. In aka juya shi, duk abin da ya taɓa a hanya zai iya fizge shi. Wani lokaci kafin ya fita yakan yi 'yar ƙara, "cas, cas", sau ɗaya a kowane zagayen sarƙa, ƙaramar da hayaniyar hanya ke haɗiyewa. Sarƙar da ta tsinke a guje tana iya faɗuwa ƙasa salin alin, tana iya fasa jikin inji, tana kuma iya naɗewa a cibiya ta ƙame tayar baya. Ba kai ke zaɓa ba.

Game da mai, ƙurar hunturu da yashin mayo, wato rafi, su ne abokan gabarmu. Giris mai kauri da ake shafawa a waje ba ya shiga wurin ƙusa, sai dai ya kama yashi, su haɗu su zama kamar dutsen wasa wuƙa a jikin sarƙar. Tsohon baƙin mai da aka juye daga inji ya fi babu, amma ya tsinke, kuma ɗauke yake da garin ƙarfe. Abin da ya fi shi ne a wanke da kananzir da ɗan buroshi, a bari ta tsane, a ɗiga man giya mai lamba 90 ta cikin sarƙar gaɓa-gaɓa, a goge rarar. A yi haka duk kilomita 500 ko kusa da haka, da kuma duk ranar da aka ratsa ruwa da damina. Gidan sarƙa kuma, wanda samari ke cirewa don ya dame su da ƙara ko don ado, ina ba ku shawara ku mayar da shi. In yana ƙara, lotsewa ya yi ko noti ya kwance, a gyara. A ƙasa mai ƙura irin tamu shi ne gatan sarƙa. Aibinsa ɗaya, yana ɓoye ta har a manta da ita, shi ya sa aka yi masa 'yar taga mai murfin roba.

Mu koma kan "ƙwas" ɗin nan ta ja da saki. In sarƙa daidai take, taka birkin baya ka kama babban faranti da hannu, ka murɗa shi gaba da baya. Bai kamata ya motsa ba sai ɗan kaɗan. In yana gilo, robobin cikin cibiya sun mutu. Zafin watan Maris da Afrilu yana gasa su, kaya yana murƙushe su, su bushe su farfashe. Cusa yankan tsohon tib yana iya kai mutum gida, amma ba gyara ba ne, kuma robobin suna cikin mafi arahar kayan babur. In faranti yana rawa hagu da dama, boris ɗin mazauninsa ne, ko notocin da ke riƙe da shi sun kwance. Waɗannan notoci a sa musu sifana ɗaya bayan ɗaya, kada a wadatu da kallo. Haka ƙaramin faranti: buɗe murfinsa ka tabbata abin da ke kulle shi yana nan daram.

Ga kuma wadda nake tsoro fiye da duk waɗanda na ambata. A babur mai birkin ganga, akwai wani siririn ƙarfe da ya taso daga ƙarfen baya ya riƙe murfin birki don kada ya bi taya ya juya. Noti ɗaya ne ke riƙe da kowane kansa, da 'yar wayar da ake sokawa don kada notin ya fita. Duk lokacin da aka cire taya don faci, sai an kwance shi, kuma wayar nan ita ce ake yawan mantawa. Alamarsa "ƙwas" guda ɗaya daga baya duk sa'ad da ka taka birki. In ya fita, murfin birki zai juya tare da taya, ya naɗe sandar birki, taya ta ƙame ko birkin ya tafi gaba ɗaya. Ku tuna da gangarar da ke bayan Jingiliya, ku tuna a nan ne ake taka birki da ƙarfi. Duba shi ba ya cin minti ɗaya.

Boris ɗin taya ba ya ihu, gurnani yake yi, ƙasa-ƙasa, yana ƙaruwa da gudu, wani lokaci muryarsa ta sauya in ka kwanta a kwana. Matse kuloci ba ya rage shi. Ɗaga tayar, ka kama ta sama da ƙasa, ka girgiza hagu da dama. In ka ji "ƙwal-ƙwal", ya tafi. Juya ta kana dafe da ƙarfen baya, za ka ji gurzar a tafin hannunka tun kafin kunne ya ji. Ruwan mayo da wankin babur da injin feshi su ke wanke masa giris. Lambarsa tana rubuce a gefensa, kamar 6301 ko 6302, a saya da lamba, a kuma nemi mai rufin roba gefe biyu. Kana nan wurin, bi wayoyin taya da sifana kana ƙwanƙwasawa. Ɗaurarriya tana amsawa da zaƙin murya, sakakkiya kuwa "ɗif" za ta ce.

Cikin giya ba zan daɗe ba, don ba aikin bakin hanya ba ne. Abin da mai babur zai iya shi ne karanta baƙin mai. A waɗannan babura mai ɗaya ne, kimanin lita guda, ke hidimar inji da kuloci da giya. Kafin doguwar tafiya juye shi a wankakken kwano, ka fita da shi rana. Ɗan ƙyalƙyali mai laushi ba abin tashin hankali ba ne. Ɓarɓashin da yatsa ke ji, ko guntun haƙori, ya soke tafiya. Giyar da ke fita da kanta in an ja, ita ma ta ciki ce, ba za ta warke a hanya ba. Sannan a kula da irin man da ake zubawa. Wasu mayukan mota suna da sinadarin ƙara santsi da ke sa kuloci zamewa, ka ji inji na ihu a kan hawa babur ba ya gaba. Domin haka ne Japan ta kafa ma'aunin man babur a 1998, za ku ga an rubuta JASO MA a jikin galan. A nema. A kuma bar wa hannun kuloci ɗan sassauci kafin ya fara ja.

Akwai ƙararrakin inji da ke rikita mutane su ɗora wa sarƙa. "Cak-cak-cak" ta saman inji mai bin totur, ko a tsaye, ta bawul ce. Injinan Sin da aka kwaikwayo daga Honda CG125, wanda ya fito a 1975 bayan injiniyoyin kamfanin sun zagaya ƙasashe masu tasowa sun ga yadda ake wahalar da babura, da sanduna suke tura bawul, kuma da 'yar ƙararsu aka haife su. Boxer da TVS kuwa wata ƙaramar sarƙa ce a cikin inji, in ta saki sai ta riƙa shuu. Wata kuma sai a kan hawa, da babbar giya, inji ya yi zafi, ka ji "ƙir-ƙir-ƙir" daga kan silinda. Wannan wutar ce ke tashi ba bisa ƙa'ida ba, kuma sau da yawa zuwa-zuwa ce, wato fetur ɗin bakin hanya, da aka gauraya. Rage giya, ka sauya wurin shan mai.

To, wace ƙara ce ke hana tafiya? A wurina, boris mai gilo, sarƙa mai tsallake haƙori, mahaɗin da makullinsa ya saki, ƙarfen birkin da ba shi da waya, faranti mai rawa, da ɓarɓashi a cikin mai, kowanne daga cikinsu ya isa a ɗaga tafiya ko a nemi mota. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Gidan sarƙa mai kaɗawa, ko karkarwar kuloci da babur ya daɗe da ita ba ta ƙaru ba, waɗannan ba su hana komai. Wadda ka kasa gano tushenta kuwa, in sabuwa ce kuma tana ƙaruwa kullum, lissafa ta cikin masu hanawa har sai an gano.

Kuma kada a yi gyara da asubar ranar tafiya. A yi shi da kwana biyu ko uku, sannan a ɗora kaya kwatankwacin wanda za a ɗauka, a je Zamay a dawo. Sabuwar sarƙa takan ɗan saki a tafiyar farko, notin da aka manta a nan zai nuna kansa, kana kusa da wanda ya yi aikin. Da ka sauka, kai bayan hannu kusa da cibiyar taya. Ɗumi ba komai, amma zafin da ba ka iya taɓawa alhali ba ka yi ta taka birki ba, ko boris ne ko birki na kamawa. A jakar tafiya kuma a sa mahaɗi na ajiya mai lambar sarƙarka, da filaya, da sifanar notin taya, da 'yar kwalbar mai. In ka tsaya shan ruwa a Muturwa ko Figil, tsuguna ka taɓa sarƙa.

Iyayenmu kanikawa, ku nake roƙo a ƙarshe, da girmamawa. In yaro ya kawo muku babur ya ce yana ƙara, ku tambaye shi yaushe take yi, ku hau ku ji da kanku, kuma in kun gano ku nuna masa da yatsa. In abin na sauyawa ne ba shi da kuɗi, ku faɗa masa gaskiyar inda babur ɗin zai iya kai shi da inda ba zai iya ba, ya yanke shawara da saninsa, domin bayansa akwai fasinjan da bai san komai ba game da sarƙa, ya dai biya kuɗinsa ya hau.

Yanzu ga babura nan a waje, ga alli na zo da shi. Wanda nasa ke wata ƙara ya fara turo shi gaba, mu ɗora shi a sitan mu juya tayar tare, masu tambaya kuma su yi a can. Allah ya tsare mana hanyoyinmu, ya kai kowa gida lafiya.